Kada Sanyi Ya Raba Ku Da Yoga



Yoga wata hanya ce ta horar da jiki wadda ta samo asali daga ƙasar Indiya tun zamanin da. Mai yin ta yakan shimfiɗa tabarma, ya miƙe gaɓoɓinsa, ya lanƙwasa su sannu a hankali yana jan numfashi a natse. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara.

Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne, da yawa cikin masu yin ta sukan yi watsi da ita da zarar sanyi ya kama. A Turai dusar ƙanƙara ce da gajertar yini ke jawo haka. Mu nan kuwa hunturu ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da asubahin Jos ko Kano ke hana mutum rabuwa da bargo. Sanyi yana ɗaure tsoka, wanda kuwa ya yi wata uku cur bai motsa ba, sai ya koma tamkar sabon shiga.

Saboda haka ku rage, amma kada ku daina. Minti 15 kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako. In asuba ta gagara, ku mai da shi hantsi ko bayan la'asar, ku kuma riƙe lokacin. Kafin ku fara miƙe gaɓoɓi, ku yi tattaki na minti 5 har jiki ya ɗumama, domin tsokar da ta yi sanyi ta fi saurin rauni. Ku yi a cikin ɗaki saboda ƙura, kuna numfashi ta hanci, wanda ke tace iska ya ɗumama ta. Amma lalle kada ku hura gawayi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai guba marar wari wadda takan yi kisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau sai ku cike gurbin da tafiya a ƙasa. Masu hawan jini ko asma, da mata masu juna biyu, su tuntuɓi likita tukuna.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya, amin.