Yaron da Ya Faɗi a Aji Amanarmu Ne



A zangon karatu da ya wuce, wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta yanke jiki ta faɗi a makarantarmu, jiki na karkarwa, baki na kumfa. Yara suka watse. Mu malamai muka yi cirko-cirko, wannan na neman cokali, wancan na gargaɗin kada yawunta ya taɓa kowa. Bayan mako guda iyayenta suka cire ta daga makaranta saboda kunya. Rashin saninmu na da hannu a tafiyarta.

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Jijiyoyinta na aika saƙo da wani ɗan lantarki. Idan ya rikice lokaci guda, sai mutum ya shiɗe ko ya kama jijjiga. Daga cikin sabubbanta akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da buguwar kai a haɗarin babur. Wani lokaci gado ne. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani suka riƙe shi.

To, idan yaro ya faɗi a gabanmu, mu kawar da benci da duk abin da zai ji masa ciwo. Mu sa tsumma ƙarƙashin kansa, mu kwantar da shi a gefe ɗaya. Kada mu danne shi, kada mu cusa masa cokali ko mu ɗura masa ruwa. Mu duba agogo: in jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu da ke Kakuri, Narayi da Sabon Tasha, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana kusa da mu. Mu nuna wa iyaye hanyarsa, addu'a na tafe, magani na tafe. Ita kuwa ɗalibarmu, mun yi alkawarin zuwa gidansu mu roƙi a maido ta aji.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.