Amsoshin Wasiƙunku: Ana Iya Tada Kwamfuta Daga Nesa?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi. Ya ce lissafin kayansa da na bashin da yake bin mutane duk suna cikin kwamfutar da ke shagonsa a birni, shi kuwa kullum yana kasuwannin ƙauye. In ya bar ta a kunne tana shanye masa batirin sola, in ya kashe ba ya iya duba lissafi ta wayarsa. Shin akwai dabarar kunna ta alhali yana nesa?

To malam, akwai, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1995 kamfanin AMD tare da Hewlett-Packard suka fito da dabarar, a 1997 kuma Intel da IBM suka yaɗa ta da sunan Wake-on-LAN, wato tayarwa ta hanyar sadarwar cikin gida.

Ga yadda abin yake. Ko ka kashe kwamfuta, muddin tana jone da wuta, katin sadarwar da ke cikinta ba ya barci. Kamar maigadi yake, ya kasa kunne yana jiran a kira sunansa. Kowane kati yana da lambarsa da ake kira MAC. Saƙon da ke tada shi ɗan ƙarami ne, bayit 102 kacal: FF sau 6, sannan lambar katin sau 16 a jere. Da ya ji wannan sai ya kunna kwamfutar. Masu abin suna kiransa saƙon sihiri, amma fa babu tsafi a ciki, lissafi ne zalla.

Sai ka shirya kwamfutar tun kana shago. Ka shiga BIOS, wato saitin da ke fitowa kafin komai ya buɗe, ka ba da izinin tayarwa. Sannan in Linux kake amfani da shi, ka buɗe allon umarni ka rubuta ip link. Zai nuna maka sunan katin, misali eth0, da lambarsa. Ka rubuta lambar a takarda ka adana. Daga nan ka rubuta ethtool eth0 da ikon mai kula da na'ura, ka duba layin da ya ce Wake-on. In ka ga harafin d, ƙofar a rufe take. In g ne, to madalla. Ana mayar da shi g da umarnin ethtool -s eth0 wol g. A kula, a na'urori da yawa wannan saiti yana gogewa in an sake kunnawa, don haka ka sa wanda ya iya ya mayar maka da shi na dindindin. Mai Windows kuma sau da yawa sai ya kashe saitin nan na saurin tashi kafin abin ya yi.

Tayarwar kanta layi ɗaya ce. Daga wata na'urar ka rubuta wakeonlan, ka bi shi da lambar katin. Shi ke nan. Amma saƙon ba ya dawo da amsa, sai ka ɗan jira kamar minti ɗaya, ka rubuta ping da adireshin kwamfutar, ka ji ko ta farka.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Saƙon nan shela ce ake yi wa duk na'urorin da ke cikin gida ɗaya, kuma na'urar da ke rarraba intanet ba ta barin irin wannan shela ta shigo daga waje. Kenan daga kasuwar ƙauye ba za ka aika kai tsaye ba. Abin da ya fi, ka ajiye wata 'yar na'ura mai cin wuta kaɗan, irin Raspberry Pi, kullum a kunne a shago. Ka shige ta daga wayarka da umarnin ssh, ita kuma ta yi shelar a madadinka. Wasu kan buɗe ƙofa ta 9 a na'urar rarraba intanet don saƙon ya wuce. Mu dai ba mu ba ka wannan shawara ba, domin saƙon ba ya tambayar kalmar sirri, duk wanda ya san lambar yana iya tada maka kwamfuta. Mai lissafin bashi kuwa bai kamata ya bar ƙofa a buɗe ba.

Abu biyu kuma. Ka jona kwamfutar da igiyar sadarwa, don ta Wi-Fi abin ba kasafai yake yi ba. Sannan in wuta ta ɗauke gaba ɗaya, ko yaron shago ya zare soket, maigadin ma ya yi barci, babu umarnin da zai tada ta. Wasu kwamfutocin ko wutar ta dawo sai an kunna su da hannu sau ɗaya tukuna. Saboda haka ka gwada sau biyu sau uku kana tsaye a gabanta, kafin ranar kasuwa ta zo.

Da fatan mun amsa maka. Sai wasiƙa ta gaba.