Masu Aikin Wuta da Masu Aikin Sanyi: Yadda Za Mu Tsallake Zafin Bana Lafiya

 

Mu ma'aikatan sashen kariya ne. Kun saba jin mu a kan takardu, rajista da haƙƙin yara. Yau maganarmu a kan zafi ce, domin shi ma yana raba gida da mai ciyar da shi. Tun da aka buɗe wannan sansani na Dar es Salam a 2015, da yawanku kun tashi kun nemi na kanku. Akwai masu bandar kifi, maƙera, masu walda, masu gasa burodi, da iyayenmu mata masu tuyar ƙosai da waina. Akwai kuma samarinmu da ke shiga Baga Sola suna gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, da masu tallar ƙanƙara da ruwan sanyi. Duk ku ne muke nufi. Mai gyaran firiji yana sanyaya wa wasu ruwa, amma shi a ƙarƙashin rufin kwano yake wuni, ga wutar walda a hannunsa.

Bari mu fara da yadda jiki yake aiki. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. Idan ya fara hawa, jiki yana fitar da gumi, kuma bushewar gumin nan a kan fata ita ce take sanyaya mu, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. A watan Afrilu da Mayu rana tana wuce digiri 40 a nan, amma iska busasshiya ce, gumi yana bushewa da sauri, sai ruwan jiki ya ƙare mutum bai sani ba. Idan damina ta matso, iska ta ɗauki laima, ga kuma tafki kusa da mu, sai gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa. Riga ta jiƙe sharkaf amma jiki bai huce ba. Saboda haka kada hadari ya rufe rana mu ce haɗari ya wuce.

Abu na farko shi ne ruwa. Kada mu jira ƙishirwa, domin kafin ta zo jiki ya riga ya yi asara. Mai aiki a bakin wuta ya sha kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20, kaɗan-kaɗan, ba ya haɗiye buta guda a lokaci ɗaya ba. Ya sha kafin ya fita da safe, ya sha bayan ya tashi. Ma'auninku yana tare da ku: ku duba fitsari. Idan fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. Idan ya yi ja kamar shayi, ko an wuni ba a yi ba, ruwa ya yi ƙaranci, kuma idan haka ta riƙa faruwa kullum, ƙoda ce take wahala. Gumi yana fita da gishiri, don haka kada a yi aiki da yunwa. Kunu da fura suna taimakawa. Wanda ya yi gumi sosai har ya galabaita, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Shayi mai kauri ba ya maye gurbin ruwa. Ƙwayoyin da wasu samari suke sha don ƙarin ƙarfi kuwa ɓoye gajiya suke yi, mutum ya yi ta aiki har ya faɗi.

Abu na biyu shi ne lokaci da wuri. Aikin da ya fi nauyi, kamar hura wuta, dukan ƙarfe da ɗaukar kaya, a yi shi daga asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Daga tsakar rana zuwa la'asar a rage. Duk awa a janye daga wuta a zauna a inuwa, a jiƙa kai da wuya. Mun san akwai mai cewa, idan na huta wa zai ciyar da yara? Gaskiya ne. Amma hutun minti goma ya fi kwanciyar mako guda a asibiti araha. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rumfar zana ta fi kwano da tamfol sanyi. Idan rufin kwano ne, a shimfiɗa ciyawa ko zana a kai, nesa da inda tartsatsi yake tashi, a bar gefe biyu a buɗe iska ta ratsa. A sa riga ta auduga mai faɗi, mai haske, da malafa ga masu talla. Rigar leda tana riƙe zafi, kuma idan wuta ta taɓa ta narkewa take yi a jikin mutum.

Masu gyaran firiji, ku saurara da kyau. Jiƙaƙƙen hannu da wutar lantarki ba sa haɗuwa. Ku cire waya daga wuta, ku goge hannu, sannan ku taɓa. Yawancin sababbin firiji suna aiki da gas mai suna R600a, kuma yana kama wuta. Ku karanta takardar da ke maƙale a jikin firijin kafin ku kunna wutar walda. Kada a ajiye tukunyar gas a rana. Kada a kunna janareta ko garwashi a rufaffen ɗaki, domin suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Yanzu ga abin da muke so kowa ya koma gida da shi. Idan abokin aikinka ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko naman ƙafarsa ya ɗaure, to zafi ya fara cin sa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa. Ranar ya gama aiki. Idan kuwa ya fara sambatu, bai gane mutane ba, yana tangaɗi, yana jijjiga ko ya suma, wannan ya kai ga rai. Kada a tsaya ana cewa iska ce ta taɓa shi. A yi ta kwara masa ruwa a jiki duka ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata idan akwai, wani kuma ya ruga neman abin hawa. A ci gaba da jiƙa shi a hanya har asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Ko da kuna zaton zazzaɓin cizon sauro ne, ku sanyaya shi ku kai shi, ma'aikatan lafiya za su tantance.

Iyayen gida masu koyar da sana'a, yaran da ke hannunku amana ne. Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aikin zafi. Sabon yaro, ko wanda ya tashi daga ciwo, ya fara da awa biyu, a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. Yaro yana jin kunyar ya ce wa maigidansa ya gaji, don haka kai ne za ka ce masa ya je ya huta. Ƙananan yara kuma ba wurinsu ba ne bakin tanderu ko tallar tsakar rana. Iyaye mata, kada a yi tuya da goyo a baya, a kwantar da shi a inuwa inda ido yake kai. Masu juna biyu, tsofaffi, da masu hawan jini ko ciwon sukari, su tambayi asibiti yadda za su tsara aikinsu da maganinsu.

Duk wanda aka hana shi ruwa ko hutu a wurin aiki, ko aka riƙe masa lada don ya kwanta ciwo, ko kuka ga yaro ana sa shi aikin da ya fi ƙarfinsa, ku zo ofishin kariya. Ba a biyan ko sisi, kuma maganarku sirri ce. Muna nan don mu fassara muku.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kawo damina mai albarka.