AMSAR WASIƘUNKU: Tire Ɗaya, Kek Iri Biyu

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wata 'yar'uwa a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce sana'arta cincin da dublan da ƙananan kek na gwangwani, yara ke kai mata kasuwa. To, an ba ta aikin babban kek na suna, har ta karɓi kafin alƙalami. Dangin mai jego na cakulan suke so, uwar miji kuwa ta ce ita fari ta sani. Tirenta ɗaya ne, obin kuma babu, sai babbar tukunya da gawayi. Ta gwada haɗa biyun a tire guda, farin ya gasu, baƙin ya tsage a sama alhali cikinsa ɗanye. Shi ne take tambaya, ta mayar wa mutane kuɗinsu ne, ko da wata dabara?

Malama, kada ki mayar da ko kwabo. Tirenki da tukunyarki ba su da laifi, a wurin kwaɓi aka samu matsala.

Baƙin nan da garin koko ake yinsa. Ba kokon da muke sha da ƙosai nake nufi ba, a'a, kokon da ake nomawa a Ondo da Kuros Riba, da Gana da Kwaddibuwa, wanda ake yin cakulan da shi. Garin nan mayen ruwa ne. Da kin zuba shi a kwaɓi sai ya shanye laimar, kwaɓin ya yi tauri, ya ƙi bajewa, ya yi tudu a gefensa na tire. Wuta ta ci bayan tudun ya tsage, ciki kuwa ba ta kai ba. Farin da ya kwanta sumul shi ya riga shi nuna. Dabarar ita ce kwaɓi ɗaya za ki yi, ki raba shi biyu daidai wa daida, sannan ki mayar wa baƙin ruwan da koko zai sha.

Ga awon, na tire mai tsawon inci 13 da faɗin inci 9. Da gwangwanin madarar ruwa, ƙaramin nan, za mu auna: fulawa gwangwani 4, sukari 2, bota giram 250, ƙwai 6, madara gwangwani 1, bakin hoda babban cokali 1, da ɗan gishiri. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya kina bugawa, sannan fulawar da kika tankaɗe tare da bakin hoda, kina sirkawa da madara. Fulawa na shiga ki sassauta hannu, ba tuwo ake tuƙawa ba. Yawan bugu bayan fulawa shi ke sa kek ya yi tauri kamar burodin jiya.

Wajen rabo kada ki dogara da ido. Ludayi ɗaya a wannan kwano, ɗaya a wancan, har ya ƙare. In akwai mai sikeli a maƙwabta, ki ara. Kwano na farko ki sa banila ƙaramin cokali 1. Na biyun, ki dama garin koko babban cokali 3 da ruwan zafi cokali 4 a kofi, ya huce, sannan ki juye. Ki ɗaga ludayi daga kowane kwano ki duba. In ba su zubo iri ɗaya ba, ƙara wa mai taurin madara kaɗan. Na san wasu na sa Bournvita ko Milo a madadin koko. Ni ban ba ki wannan shawara ba, don akwai sukari da madara a cikinsu, kalar ba ta fita sosai, ga saurin kamu a gindin tire.

Ki shafe tire da bota, ki barbaɗa fulawa. Ki yanko kwali mai tsabta daidai faɗin tiren, ki naɗe shi da takardar foyil, ki shafa mai, ki tsayar a tsakiya. Ki samu wani ya riƙe miki, ki zuba fari a nan, baƙi a can, ki baje su tsayinsu ya zo ɗaya. Sai ki zare kwalin a hankali, sama tsaye. Tunda kaurinsu ɗaya ne, ba mai kutsawa gonar wani.

Mai obin ta sa a 180, minti 30 zuwa 35. Ke mai tukunya, zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsa uku, ki rufe ya ɗauki zafi sosai. Ki jera duwatsu ko gwangwanaye a kan yashin ki ɗora tire, kada ya zauna a kan yashi kai tsaye. Garwashi kaɗan a ƙasa, wani a kan murfi. Kada ki buɗe kafin minti 20, in ba haka ba kek ya faɗa. Bayan nan ki juya tiren, gabas ya koma yamma, don wutar gawayi ba ta da adalci. Ki soka tsinke a gefen fari, ki soka wani a gefen baƙi, kowanne ya fito a bushe. Ki lura, baƙin ba ya nuna ƙuna a ido. Hancinki ne zai gaya miki.

Ba dole sai koko ba. Kwakwa da aka goga, ɓawon lemon zaƙi, gyaɗar ƙamshi, yankakken dabino, duk suna yi. Sai dai citta da kanumfari, ƙamshinsu na ƙetara iyaka a rufaffiyar tukunya. Gyaɗa kuwa, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta, har ta kai su asibiti. In an ce akwai irinsu a gidan, kada ta shiga tiren nan ko ta wane gefe, kwali ba ya tare wannan.

Saura adon sama, wato aisin. Doka ta farko, sai kek ya huce sarai, ko da zai kwana a rufe. Wanda kuke gani a hoto mai tudu-tudu, bota ce da garin sukari. Yana da kyau, amma bota ba ta jure zafin da ya wuce 35, mu kuwa a Maris da Afrilu har 40 mukan wuce. Ki ɗora shi a bayan ɗan acaɓa da tsakar rana, miya za ki kai gidan suna. Da hunturu ne yake yi. Da bazara, ki tankaɗe garin sukarin aisin gwangwani 3, ki raba biyu. Rabi ki dama da ruwan lemon tsami, ɗigo-ɗigo, rabi da koko cokali 1 da ruwan ɗumi, kowanne ya yi kaurin zuma. Ki fara shafa farin, ya sha iska ya kama, sannan baƙin, don in baƙi ya ɓata fari ba ya gyaruwa. Layin tsakiya in ya karkace, jera dabino ko gogaggiyar kwakwa a kai. Wanda ake yi da ɗanyen farin ƙwai kuwa, ki bar shi. Abin da yara za su ci cikin zafi, bai kamata ba.

Tiren nan zai ba ki yanka 24, wato 12 kowane gefe. Ki ce musu su fara yanka farin, su goge wuƙa.

Sai batun kuɗi, wanda ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Gefen baƙi ya fi cin jari. A 2024 farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kowane tan, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan, bayan amfanin ya lalace a Gana da Kwaddibuwa. Saboda haka ki je kanti ki ji kuɗin koko da sukarin aisin tukuna, ki haɗa da gawayi da kuɗin mota da wahalarki, sannan ki yanke wa masu suna cikon kuɗinsu. Kada kunyar maƙwabtaka ta sa ki yi shi a farashin fari zalla.

Allah ya raya abin da aka samu. Ki rubuto mana yadda ta kaya, musamman abin da uwar miji ta ce.