Igiyar Rataya Kyamara: Ɗan Hakin da Muka Raina



Da aka ba da sanarwa cewa masu ɗaukar hoto na ƙungiyar ɗalibai ne za su yi magana yau, mun san da yawa sun zo da tsammanin jin bayani a kan haske da inuwa, ko kuwa wace kyamara ce ta fi wata. Sai ku gafarce mu, domin abin da muka zo da shi bai kai nan ƙima a ido ba. Igiyar nan da ake rataya kyamara da ita a wuya, a kanta za mu yi magana. Ita ce mafi araha cikin kayan da ke zuwa a kwali, amma dukan dukiyar da aka kashe a jikinta take lilo.

Bari mu soma da ɗan lissafi, tun da akwai 'yan kimiyya a cikinmu da za su kama mu in mun yi kure. Kyamarar da ke rataye a ƙirjin mutum yana tsaye, tsakaninta da ƙasa kamar mita 1.2 ne. In ta kuɓuce, rabin sakan kawai za ta yi ta kai ƙasa, tana gudun kimanin kilomita 17 a awa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta umurci hannu, hannu ya motsa, rubu'in sakan ya tafi, ita kuwa ta riga ta yi ƙasa da santimita 30, kuma gudunta ƙaruwa yake yi. Watau mai cewa ai shi da zafin nama zai cafe ta, yaudarar kansa yake yi. Ga kuma nauyi. Pentax K1000, wadda ta fito a 1976, wadda ɗalibai masu yawa a duniya suka koyi hoto da ita, gangar jikinta ba ta wuce giram 600 da 'yan kai ba. Doguwar idon nan ta zamani da ake janyo na nesa da ita, mai lamba 70-200, ita kaɗai tana kai kilo 1 zuwa 1.5. Mugun abin shi ne ɓarnar ba kullum take fitowa fili ba. Sai a ɗauki kyamara a kakkaɓe, a ga ba ta fashe ba, a yi hamdala, alhali gilasan da ke jere cikin idon sun goce daga mazauninsu. Sai bayan mako guda a lura gefe ɗaya na kowane hoto ya yi dishi-dishi.

Batun kuɗi kuwa ba sai mun tsawaita ba. Ba a ƙera kyamara a ƙasar nan, da dala ake sayo ta, da dala ake sayo kayan gyaranta. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, amma a watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Kyamarorin ƙungiya da kuɗin da kowannenku ya biya aka saye su. Yayyenmu na ma'aikatu kuma sun fi mu sanin abin da ke biyo baya in mutum ya sa hannu a littafin sito ya karɓi kayan gwamnati, ya dawo da su a cikin leda.

To, abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: da wuya ƙwarai igiyar kyamara ta tsinke a tsakiya. Wurin da ta haɗu da kyamara, nan ne ajalin yake. Kowace kyamara tana da kunnuwa biyu na ƙarfe, hagu da dama. Bakin igiya yakan shiga kunnen, ya dawo ta cikin wani ɗan zoben roba mai haɗe igiyoyin biyu, sa'an nan ya shiga wani ɗan abu mai ramuka biyu, mai kama da kan bel. A wannan ɗan kan bel ɗin ne mafi yawanmu muke yin ganganci. Ranar da aka buɗe kwali kowa ɗoki yake yi ya ga hoto, sai a zura bakin igiyar ta rami ɗaya, ko a bar mata wutsiya guntuwa, a rataya, shi ke nan ba za a sake dubawa ba. Igiyar kuwa ta roba ce mai santsi. Duk taku ɗaya da mutum ya yi, tana ɗan saki, tana ɗan ja, wutsiyar tana zamewa kaɗan kaɗan, har ranar da za ta fice.

Yadda ya kamata a yi ba shi da wuya. A sassauta igiyar da ke kan bel ɗin har ta yi baka. A ɗauko bakin da ya fito daga kunne, a bi da shi ta ƙarƙashin bakan, a shigar da shi ta ramin sama tukuna, a karyo shi ya sauko ta ramin ƙasa, ya kwanta a tsakanin igiyoyin biyu. In an yi haka, nauyin kyamara da kansa ne zai riƙa danne wutsiyar, ƙara nauyi ƙara matsewa. A bar wutsiyar ta kai faɗin yatsu uku. In bakinta ya soma warwarewa, a ɗan lasa masa wutar ashana ya dunƙule. Sa'an nan a tsaya a kan katifa a fizge ta da ƙarfi, hagu da dama, domin gara ta kunyata mutum a ɗaki da ta kunyata shi a kan siminti.

Wasu kyamarorin, kamar yawancin na Nikon da Fujifilm, kunnensu ƙarami ne, sai an sa masa zobe irin na makullai, mai kusurwa uku ko zagayayye. Zoben nan yakan buɗe baki in ya tsufa, ko in an taɓa buɗe shi da wuƙa. Duk zoben da farce ke shiga tsakanin ninkinsa ba da wahala ba, ya gama aiki, a jefar da shi. Haka kuma maɓallan roban nan da ake latsawa igiya ta rabu biyu. Suna da daɗin aiki, amma rana tana gasa roba ta yi gautsi, kuma hannun jaka ko cunkoson mutane yana iya latse su ba da sanin mai su ba. Mu dai a ra'ayinmu, igiyar da ba ta da su ta fi kwanciyar rai. Kada kuma a ce tsada ce magani. Kamfanin Peak Design na Amurka, wanda igiyoyinsa ke cikin masu tsada, ya fito fili a 2018 ya ce zaren wani samfurin maƙalansa yana cinyewa da wuri, ya kuwa musanya wa jama'a kyauta. Abin koyi a wurinsu shi ne zaren nasu hawa hawa ne, baƙi a waje, rawaya a ciki, ja a can tsakiya, don mai shi ya ga gargaɗi da idonsa. Tamu igiyar ba ta da launin gargaɗi, sai mun bi ta da yatsa.

Akwai kuma yayin da ya shigo na rataya kyamara a kwiɓi, kanta a ƙasa, ta hanyar ɗaura igiya a ramin gindinta, wanda aka yi don ɗora ta a kan ƙafafu uku. Ƙusa ce guda ɗaya mai murɗi, kaurinta rubu'in inci, kuma abin da aka murɗa ya shiga, juyi yana iya warware shi. A nan sai mu yi koyi da iyayenmu mata. Uwa ba ta amince wa zane kaɗai in ta yi goyo, sai ta ƙara majanyi. Mai wannan irin rataya ya sami ɗan zare mai ƙarfi ya haɗa kunnen kyamara da igiyar, yadda in ƙusa ta ci amana, zaren zai tare. In kuma ido ya fi kyamarar nauyi, to, a ƙafar idon ake ɗaura igiya, kada nauyin ya tanƙware bakin da suka haɗu.

Kada wani ya zaci wannan sakaci ne irin na ɗalibai kawai. A watan Yuli na 1966, Michael Collins, wanda daga baya ya tafi wata tare da Neil Armstrong a 1969, ya fita daga kumbon Gemini 10 yana aiki a sararin samaniya. Kyamararsa ƙirar Hasselblad ta kuɓuce ta yi tafiyarta, da ita da hotunan da ke cikinta, har mutane suka riƙa ba'a cewa ita ce tauraron ɗan Adam na farko na ƙasar Suwidin, inda ake ƙera ta. A Disamban 2006 irin wannan ya sami Sunita Williams a wajen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Waɗannan mutane ne da aka yi shekaru ana horarwa, da injiniyoyi a bayansu. Kuma a labarin Collins, hukumar da ta aike shi ba ta rasa kuɗin wata kyamarar ba. Hotunan ne babu inda za a sayo su. Haka yake ga ɗalibin da ya yi wata guda a ƙauye yana tara hotunan kundin digirinsa, ko wanda ya je Argungu kyamararsa ta faɗa Matan Fada.

Yanayin ƙasarmu ma ba ya raga wa igiya. Hunturu yana busar da fata ta tsattsage daidai wurin lanƙwasa, ƙura tana shiga saƙar roba tana cin ta kamar faifan goge katako, da bazara kuma gumi ya jiƙa ɗinki ya sa zobe tsatsa. Wanda ya fi son ta fata, dukawanmu sun iya, su ne fa masu ɗinka linzami da kube, sai dai a ce musu su ninka ɗinkin bakin, a kuma riƙa shafa mata ɗan mai, nesa da gilashi.

Sauran magana a kan ɗabi'a ce. Rataya kyamara a kafaɗa ɗaya bisa shadda mai sheƙi ko hijabi mai santsi, neman magana ne. A zura kai da hannu ɗaya, ta gicciya ƙirji kamar hamilar takobi, musamman a kan babur ko a filin hawan salla. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san in dawaki suka zaburo jama'a suka yi baya, babu mai tuna abin da ke kafaɗarsa. Mahayan nan kuwa, babu wanda ya sa ƙafa a likkafa sai da aka ja majayin sirdinsa aka tabbatar. In an cire ta daga wuya don a ɗaga sama, a naɗe igiyar a wuyan hannu sau biyu.

Wani abin mamaki shi ne igiyar da kanta takan jawo faɗuwa. A ajiye kyamara a kan tebur, igiya na reto a gefe, sai gwiwar mai wucewa, ko hannun kujera, ko ƙanin wani mai rarrafe ya ja. A tattara ta a ɗora kan tebur, kyamara kuma a tsakiya. Wajen miƙa wa juna ma haka, kowa na zaton ɗan'uwansa ya riƙe. Ƙa'idarmu ita ce mai bayarwa ba ya sakin igiya sai mai karɓa ya ce "na riƙe", ko da kuwa malami ne ko shugaban ƙungiya.

Saboda haka muna roƙon majalisar ƙungiya ta ƙara layi ɗaya a littafin aron kaya, inda mai bayarwa da mai karɓa za su sa hannu cewa sun duba kunnuwa, da zobba, da wutsiyar igiya, a fita da kuma a dawowa. Ba zai ci minti ɗaya ba. Ga tebur can a bayan zaure mun shimfiɗa masa bargo, mun tanadi sababbin zobba da ashana. Duk wanda ya zo da kyamara, tasa ce ko ta ofis, ya biyo ta nan kafin ya fita mu warware igiyar mu sake zura ta tare.