Sabon Bincike Kan Zazzaɓin Cizon Sauro: Abin da Iyaye Za Su Riƙe Kafin Damina

Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin sansani ta gabatar a taron wata-wata na kwamitin lafiya. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabtansa.

 

An ce in yi magana kan zazzaɓin cizon sauro, wanda 'yan'uwanmu na nan Nijar ke kira masassara. Na san wasu za su ce wace sabuwar magana ce kuma ta rage a kansa, ciwon da muka tashi muka tarar. To akwai. A 'yan shekarun nan masu bincike sun fito da abubuwan da a da babu su, kuma gara ku ji bayaninsu daga bakinmu kafin jita-jita ta riga mu isowa ɗakunanku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 wannan ciwo ya kashe mutum kusan 597,000, kuma kashi 95 cikin ɗari a Afirka suke. Cikin kowane mutum huɗu da ya kashe a Afirka, uku yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Ƙasashe huɗu ne suka kwashi fiye da rabin mace-macen duniya: Najeriya, Kwango, Nijar da Tanzaniya. Kun ga ke nan, da ƙasar da muka baro da wadda ta karɓe mu, duk suna ciki.

Abu na farko shi ne allurar rigakafi, wadda a nan ake ce wa lamba. Don a gane aikinta sai an san yadda ciwon ke shiga jiki. Idan sauro mai ɗauke da ƙwayar cutar ya ciji yaro, ƙwayar ba ta tsayawa a jini. Hanta take nufa, ta ɓuya a can kamar mako guda tana hayayyafa, yaro yana wasansa ba wanda ya san komai. Sai ta yi yawa sannan ta fantsamo cikin jini, a lokacin ne jiki ke yin zafi. Allurar tana koya wa jikin yaro ya gane ƙwayar tun tana kan hanya, ya tare ta kafin ta shiga hanta. Kuma ku riƙe wannan da kyau: babu ƙwayar cutar a cikin allurar. An kwaikwayi wani ɗan yanki ne na rigar da ƙwayar ke sanye da ita, ana sarrafa shi a cikin yis, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi. Saboda haka allurar ba za ta iya sa wa yaro zazzaɓin cizon sauro ba.

Iri biyu ne ake da su yanzu. Ta farko sunanta RTS,S. Kamfanin GSK ne ya fara haɗa ta tun 1987, amma sai da aka shafe fiye da shekara 30 ana gwaji kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba na 2021. Wanda ke cewa an yi gaggawa, ya lissafa waɗannan shekaru. Daga 2019 aka fara ba da ita ga yara a Ghana, Kenya da Malawi, har aka yi wa yara fiye da miliyan biyu. Da aka duba, a yankunan da ake yin ta mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Wato inda a da za a rasa yara 100, yanzu 87 ake rasawa. Na ga wasu suna taɓe baki. Ni dai da nake tsayawa a ɗakin yara a watan Agusta, yara 13 ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ta biyu sunanta R21. Jami'ar Oxford ta Ingila ce ta ƙirƙiro ta, wani babban kamfanin allurai na Indiya mai suna Serum Institute yake sarrafa ta. An gwada ta a kan yara kimanin 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. A wuraren da zazzaɓi ke zuwa da damina irin namu, ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. An amince da ita a watan Oktoba na 2023. A cikinta akwai wani sinadari da ke zaburar da jiki ya karɓi allurar da kyau, kuma daga ɓawon wata itaciya ta ƙasar Chile ake samo shi. Masu sassaƙe a cikinmu, kun ji har a can ma ba a raina itace ba.

Kamaru ce ta fara saka allurar cikin jerin alluran yara na yau da kullum, a watan Janairu na 2024. Nijar ta ƙaddamar da tata a Gaya, jihar Dosso, a watan Satumba na 2024, ana bin gundumomi ɗaya bayan ɗaya. Najeriya ta fara a watan Disamba a jihohin Kebbi da Bayelsa. Duk lokacin da kuka kawo jariri awo, ku tambaye mu a duba katinsa a gaya muku abin da ya isa karɓa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Allurar sau huɗu ake yin ta. Ana farawa yaro yana da wata biyar ko shida, gwargwadon tsarin ƙasa. Ukun farko suna kusa da juna, ta huɗu kuma sai yaro ya shiga shekararsa ta biyu, domin ƙarfin allurar yana raguwa a hankali, ta huɗun ce ke farfaɗo da shi. A nan ne iyaye da yawa ke sakaci, don a lokacin yaro ya fara tafiya, wataƙila an samu ƙani, an daina zuwa awo. Mu kuma muna da wata matsala da mutanen gari ba su da ita: zamanmu ba tabbas. Yau kana nan, gobe an sauya maka mazauni, ko ka tafi wajen dangi, ko Allah ya kawo zaman lafiya ka koma gida. Shi ya sa katin rigakafi, wanda ake kira karne a nan, ya zama kamar takardar shaidarku ta zama. Ku sa shi cikin leda ku ajiye tare da ita. Idan kuna da kati, duk asibitin da kuka je za a ɗora daga inda aka tsaya. Ko an makara ba a komawa farko. Ko an fara wa yaro da iri ɗaya aka je inda ɗayan ne kawai ake da shi, an yarda a ƙarasa masa da wanda ke akwai.

Ba zan ɓoye muku ba, bayan allurar jikin yaro na iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu, wurin kuma ya ɗan kumbura. Jefi-jefi akan samu yaron da zafin ya sa shi jijjiga. Idan haka ta faru ku kawo shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Wata uwa ta tambaye ni ko wanda aka yi wa allura zai daina shan maganin damina. Wannan tambaya har bincike aka yi a kanta. Kun san maganin da ake bi ɗaki-ɗaki ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata idan ruwa ya sauka. A Burkina Faso da Mali an ɗauki yara kusan 6,000 aka raba su gida uku: wasu maganin damina kawai, wasu allura kawai, wasu duka biyun. Aka bi su shekara uku, aka fitar da sakamako a 2021. Allura ita kaɗai ta yi aiki kamar maganin shi kaɗai. Amma yaran da suka samu duka biyun sun yi wa sauran nisa: idan aka gwada su da masu shan magani kawai, kamuwa ta ragu da kashi 63 cikin ɗari, kwanciya asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani ta ragu da kashi 70, mutuwa saboda zazzaɓin cizon sauro kuma da kashi 73. A ganina wannan shi ne bincike mafi amfani gare mu, domin an yi shi a ƙasashen da daminarsu da saurinsu irin namu ne. Amsar dai ita ce a'a, ba za a daina ba. Kuma maganin na kwana uku ne. Na ranar farko a gabanmu ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannunku muke bari. Ɗacinsa ba dalili ba ne na ɓoye shi ƙarƙashin tabarma, ko a ajiye wai sai ranar da yaro ya kwanta.

Sai gidan sauro, ko sange. Da yawanku kun ce mana na yanzu ba ya kashe sauro kamar na da, kuma gaskiyarku. Shekaru da yawa maganin da ake sa wa zaren gidan sauro dangi ɗaya ne, har sauro ya saba da shi. Sai masu bincike suka haɗa magani biyu a zare ɗaya. Na biyun, mai suna chlorfenapyr, yana hana jikin sauro samar da ƙarfin da yake tashi da shi, sai ya mutu a hankali. An gwada irin wannan gidan sauro a Tanzaniya da Benin, aka ga zazzaɓi a tsakanin yara ya ragu da kusan rabi idan aka gwada da tsohon iri. A watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi inda sauro ya saba da tsohon magani. Abin lura, ba lalle ba ne ku ga sauro ya faɗi nan take. Yakan taɓa zaren ya tashi, ya je ya mutu bayan kwana ɗaya zuwa uku. Kada wani ya ce ba ya aiki ya kai shi shingen lambu ko rumfar awaki.

Ko wane iri aka raba muku, kulawarsa ɗaya ce. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura. Wanki da sabulu na gari da ruwan sanyi, a hankali, ba da omo mai ƙarfi ko bilic ba, kuma ba kullum ba. Shanya a inuwa, don rana na cinye maganin. Idan ya huje a ɗinke tun hujin yana ƙarami. Na san ɗakunanmu ƙanana ne kuma akwai zafi, wasu a waje suke kwana. A waje ma ana kafa sanda huɗu a ɗaura. Idan bai isa kowa ba, mai ciki da ƙananan yara su ne a gaba.

Akwai kuma labari game da jarirai sababbin haihuwa. Maganin zazzaɓin da muka saba ba da shi an tsara shi ne don yaro mai nauyin kilo biyar zuwa sama. A watan Yuli na 2025 hukumar kula da magunguna ta Switzerland ta amince da wani sabon haɗi mai suna Coartem Baby, don jarirai masu kilo biyu zuwa biyar, wanda ke narkewa har a cikin nonon uwa. Najeriya na cikin ƙasashe takwas na Afirka da aka yi aikin tantance shi da su. Na kawo wannan ne don ku ga cewa hantar jariri ba ta sarrafa magani kamar ta babban yaro, har sai da aka yi masa nasa awon daban. To don Allah kada a ɓantari ƙwayar babba a jiƙa wa jariri a gida. Jaririn da bai kai wata biyu ba, da zarar jikinsa ya yi zafi, asibiti kawai.

Haka ma manya. A Ruwanda, Uganda da Eritiriya an fara ganin ƙwayar cutar tana jinkirin mutuwa da maganin da duk muka dogara da shi. Magani na jabu da shan rabi a bar rabi suna cikin abin da ke ba ta wannan dama. Maganin da aka shanya a tire a kasuwa, rana ta dake shi, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Kuma ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ba. Gwajin ɗan yatsa bai wuce minti 20 ba. Idan ya nuna akwai, a shanye maganin na kwana uku duka, ko da an ji sauƙi tun rana ta biyu.

Iyayena maza, wannan taku ce. Sau da yawa uwa takan ga yaro ya rikice, amma ta zauna jiran maigida ya dawo daga gona ko kasuwa ya ba ta izini. Ku ba da izinin tun yau. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa da kyau, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko numfashinsa ya yi sauri, ba a kwana da shi a ɗaki. Masu ciki kuma su zo awo da wuri, domin akwai maganin kariya da ake fara ba su daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa.

Masu wayar da kai na kowace unguwa za su zagayo kafin a fara rabon maganin damina, su rubuta yaran da ba su kai shekara biyar ba. Ku fito musu da katin kowane yaro. Wanda nasa ya ɓata a hanya, ko ruwa ya lalata shi, ya zo asibiti da yaron da safe a duba rajista a yi masa sabo. Yanzu kuma mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.