Sukur: Garin Tama a Kan Duwatsun Mandara



Batun wannan lacca shi ne wani ɗan ƙaramin gari da ke bisa dutse, wanda ake kira Sukur. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, a jerin duwatsun Mandara da suka raba Nijeriya da Kamaru, kuma tsayin wurin daga teku ya ɗara mita 1,000. Mutanen garin Sakun suke kiran kansu da harshensu, harshen kuwa yana cikin dangin harsunan Cadi, watau ɗan'uwan Hausa ne na nesa, ko da yake Bahaushe ba zai ji ko kalma guda ba idan ana yin sa. Abin da za a duba shi ne yadda jama'ar da ke zaune kan fako da tsakuwa suka yi arziki har sunansu ya kai Barno, da kuma abin da ya sami garin bayan arzikin ya gushe.

Sai a fara da yanayin wurin, domin shi ya tsara kusan kome. Damina takan kama daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, saura kuwa rani ne. A kan dutsen an fi ƙasa samun sanyi da iska, da hunturu ma sai an hura wuta da dare. Amma ruwan sama a kan gangare ba ya zama. In ya sauko da ƙarfi yakan kwashe ƙasar noma ya tafi da ita kwari, kana da rani ya yi nisa ruwan sha ya yi wuya. Dabarar da mutanen Sukur suka yi ita ce jera duwatsu a jikin gangaren, layi bisa layi, har gonakinsu suka zama hawa-hawa kamar matakala. Kowane shinge yana tare ƙasa, yana kuma tsai da ruwa har ya nutse. A nan suke shuka dawa da gero da wake da gyaɗa. Wanda ya hango waɗannan gonaki daga nesa zai zaci aiki ne da aka yi sau ɗaya aka huta. Ba haka ba ne. Kowace shekara kafin shuka sai magidanci da iyalinsa sun bi shingayen sun mai da duwatsun da ruwa ya ture, in kuwa aka yi sakaci na 'yan shekaru, gonar ta koma fako.

Taki kuma daga gida yake fitowa. Akan gina wa sa ɗaki na dutse mai zurfi a cikin gida, a sa shi ciki, a riƙa kai masa ciyawa da ruwa, ba ya fita kiwo, har ya yi ƙiba a yanka shi a lokacin buki. Kashinsa kuwa a kwashe a kai gona.

Noma ya ciyar da Sukur, amma tama ce ta ɗaukaka shi. A da, bayan ruwa ya ɗauke, akan bi ƙoramu a tara baƙin yashi mai tama a ciki, a wanke shi, a haɗa da gawayi a zuba a dogon murhu na yumɓu, a yi ta zuga har ƙarfe ya taru. A wurare da yawa na ƙasar Mandara wannan sana'a ta maƙera ce kaɗai, su ma ba a aure da su. A Sukur akwai irin wannan zuriya ta maƙera, matansu kuma su ne magina tukwane, amma narkar da tama ba a keɓe musu ita ba, a da manoma ma suna yi. Wannan shi ya sa ƙarfen ya yi yawa har ya fi ƙarfin bukatar garin. Akan buga shi sanduna-sanduna, a biya dukiyar aure da shi, a yi ciniki da shi kamar kuɗi, fatake kuma su hau dutsen su saya su nufi Barno, inda maƙera ke mai da shi fartanya da gatari da mashi.

Wanda ke tsare wannan ciniki a da shi ne sarkin garin, wanda ake kira Hidi. Gidansa babban gini ne na duwatsu da aka jera ba tare da laka ba, da ƙofofi da rumbuna da ɗakin sa a ciki. Daga gindin dutsen kuma akwai hanyoyi da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu har zuwa sama, waɗanda tatsuniyar garin ke cewa wasu ƙattai biyu ne suka yi su. Zuriyar sarautar suna danganta asalinsu da Gudur, wani tsohon wuri mai alfarma a ɓangaren Kamaru. Ya kamata ɗalibin tarihi ya lura cewa Hidi ba sarkin yaƙi ba ne mai dawakai da bayi irin na Kano ko Kukawa. Ƙarfinsa yana ga al'adun tsafi da sulhu da maƙwabta, domin tama da gawayi da fatake duka sai ta ƙasar wasu suke bi kafin su iso. Duk da haka, sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi ta yammacin duwatsun a 1851, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, labarin da aka ba shi na Sukur shi ne na wani ƙasaitaccen sarki a kan dutse, ko da yake shi bai hau ya gani ba.

Ƙarni na 20 bai zo wa garin da sauƙi ba. Da farko yankin ya faɗa hannun Jamusawa a cikin ƙasarsu ta Kamaru. A wannan zamani ne Hamman Yaji, sarkin Fulani na Madagali, ya riƙa kai hari kan mutanen duwatsu yana kama bayi. Ba zargin maƙiya ba ne wannan: shi da kansa ya sa aka riƙa rubuta masa abubuwan da ya yi kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma Sukur na cikin garuruwan da ya ambata ya aika wa mayaƙa. An buga wannan littafi da Turanci a 1995. Bayan Yaƙin Duniya na Farko yankin ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, Turawan Ingila suka tuɓe Hamman Yaji a 1927, ya rasu a 1929. Da ƙuri'ar raba gardama ta 1961 arewacin ƙasar amanar ya zaɓi Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Daga nan Sukur ya shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991.

Abin mamaki shi ne, sana'ar da hare-hare ba su kashe ba, tsohon ƙarfen mota ya kashe ta. Da tarkacen motoci da na jirgin ƙasa suka cika kasuwanni, maƙeri ya ga ba shi da dalilin sayen ƙarfen da aka sha wahalar narkarwa, ga mai araha a gabansa. Wajen 1960 murahun Sukur suka mutu, kuma bayanin da Hamo Sassoon ya buga a kan aikin a 1964 kusan shaidar ƙarshe ce. Da zaman lafiya ya samu, dalilin zama kan dutse ya ragu. Magidanta da yawa suka sauko gindin dutsen, inda ake noma da garmar shanu, ga kasuwa da makaranta da asibiti kusa, samari kuma suka riƙa tafiya cin rani.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. Abin da aka karrama ba gidan Hidi kaɗai ba ne, har da gonakin da hanyoyin da murahun da wuraren tsafi, gaba ɗayansu. A nan ma'aikacin gwamnati yake da abin tunani. Ana iya sa mai gadi a ƙofar gini, amma shingen gona ba ya tsayuwa sai da manomin da zai gyara shi kowace bazara, manomin kuwa ba zai zauna a sama ba in babu ruwan sha da magani da makarantar 'ya'yansa.

A 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Madagali, a watan Disamba na shekarar kuma suka hau Sukur, suka ƙone gidaje da rumbuna, wutar ta taɓa har gidan Hidi. Jinka da itace suka ci, duwatsun suka tsaya. Mutanen da suka gudu sun komo sun sake yin jinka, kuma a 2018 aka sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya da ke bukatar agaji na ƙungiyar World Monuments Fund.